Tauraron da Aka Gano da Tsawarsa

A cikin watan Yuli na shekara ta 1054, masu duban taurari na fadar sarkin Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana a gabas da asuba, a wurin da ba a san da tauraro ba. Haskensa ya kai ana ganinsa da rana tsaka, kamar yadda akan ga Zara wani lokaci, har tsawon kwana 23. Da dare kuwa bai ɓace wa ido ba sai a watan Afrilu na 1056. Wurin da ya fito yana cikin burujin Saur, gabas da Kaza da ƴaƴanta, waɗanda kowa ke gani a saman kansa da daren hunturu.

Ba Sinawa kaɗai suka gan shi ba. Wani likita Kirista ɗan Bagadaza, Ibn Butlan, wanda ya isa Kustantiniya a wannan shekara, ya ambaci wani tauraro mai ban mamaki da ya fito a shekara ta 446 bayan hijira, ya kuma danganta shi da annobar da ta auka wa birnin. Maganarsa ta tsira ne domin Ibn Abi Usaibi'a, likitan Dimashƙa, ya kwafe ta cikin littafinsa na tarihin likitoci a ƙarni na 13, kuma sai a 1978 masana suka lura cewa tauraron Sinawa yake nufi.

Daga nan shiru, shekara kusan ɗari bakwai. A 1731 wani Baturen Ingila, John Bevis, ya hango wani ɗan tabo mai kama da hayaƙi a daidai wurin, ta madubin hangen nesa. A 1758 Bafaranshen nan Charles Messier, yana farautar tauraro mai wutsiya, ya ci karo da shi, ya ba shi lamba ta ɗaya cikin jerin abubuwan da ke ruɗar mafarauta irinsa. Lord Rosse na ƙasar Ailan ya zana shi wajajen 1844, zanen ya fito da ƙafafu kamar na ƙaguwa, sunan kuma ya bi shi har yau: gajimaren Ƙaguwa. Da aka gwada hotunan da aka ɗauka shekaru tsakani, a 1921, sai aka ga gajimaren yana buɗewa. Aka yi lissafi baya, lissafi ya kai ga ƙarni na 11. Edwin Hubble ya faɗi haka a 1928, sa'an nan a 1942 Jan Oort da Nicholas Mayall, tare da masanin harshen Sin Jan Duyvendak, suka tabbatar cewa gajimaren ɓaraguzan baƙon tauraron 1054 ne. Wani ƙaton tauraro ne ya tarwatse, a nisan da haske ke ɗaukar shekara kusan 6500 kafin ya ratsa.

Saura tambaya guda, wadda duk mai hura wuta zai yi. Itace in ya cinye, toka takan huce. Me ya sa wannan toka take ci gaba da haske bayan shekara ɗari tara? Lalle akwai garwashi a ƙarƙashi. Tun a 1934, shekara biyu kacal bayan gano ƙwayar nutron, Walter Baade da Fritz Zwicky sun yi hasashen cewa idan babban tauraro ya fashe, cikinsa yakan durƙushe ya dunƙule ya zama curin nutron zalla: abin da faɗinsa bai wuce kilomita ashirin ba, amma ya fi Rana nauyi. A ƙarshen 1967 wani matashin masani ɗan Italiya, Franco Pacini, ya ƙara da cewa irin wannan curi, in yana juyawa da sauri kuma yana da ƙarfin maganaɗisu, zai iya ciyar da gajimaren Ƙaguwa da wuta. Duk wannan a kan takarda yake. Ba wanda ya taɓa ganin tauraron nutron, kuma da yawa sun ɗauka ba za a taɓa gani ba, saboda ƙanƙantarsa.

Ɗan datti a kan takarda

A lokacin da Pacini ke rubutu, wata ɗaliba a jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, tana fama da nata aikin. Ita da abokan aikinta sun shafe shekara biyu suna kafa sanduna da ɗaura wayoyi a fili mai kusan hekta biyu, ƙarƙashin jagorancin malaminta Antony Hewish. Wannan tarin eriya kunne ne na sauraron igiyoyin radiyo masu zuwa daga sararin sama, kuma abin da ya ji, alƙalami ne ke zana shi a kan doguwar takarda, kusan mita talatin kowace rana, Bell kuma ta bi ta duba da ido. A watan Agusta na 1967 ta lura da wani ɗan ƙazamin zane, tsawonsa bai fi rabin santimita da kaɗan ba cikin mita 120 na takarda, wanda yake dawowa duk lokacin da wani yanki na sama ya ratsa. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido. Ranar 28 ga Nuwamba ta sa takardar ta yi gudu sosai, sai dattin ya warware ya zama bugu bi da bi, kowane daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ƙari ba ragi.

Labarin ya fito a mujallar Nature a watan Fabrairu na 1968, aka raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna fulsar, wato tauraro mai bugu. Lambar Nobel ta 1974 ta tafi ga Hewish da Martin Ryle, aka tsallake ɗalibar. Ita kanta ba ta yi ƙorafi ba, amma da wuya mai koyarwa ya karanta wannan labari bai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro ba. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta mayar da ita gaba ɗaya ga ɗaukar nauyin karatun ɗaliban da ba kasafai ake ganin irinsu a fagen kimiyya ba.

Abin da ya burge duniya game da fulsar shi ne daidaitonsa. Thomas Gold ya bayyana shi da cewa tauraron nutron ne mai juyawa, yana fitar da igiyar radiyo ta gefe guda, kamar mutum a tsakiyar fili cikin duhu yana juyi da cocila a hannu: wanda ke nesa ba ya ganin juyin, walƙiya kawai yake gani duk sa'ad da hasken ya haska fuskarsa. Wasu masana kuwa suka tsaya a kan cewa wani irin tauraro ne da aka riga aka sani, farin wada, mai girman duniyarmu. Ana buƙatar alƙali, kuma kowa ya san inda za a neme shi: cikin gajimaren Ƙaguwa.

Sai dai neman ba shi da sauƙi. Tun a 1949 masana a Ostiraliya suka gano cewa gajimaren kansa yana cikin abubuwa mafi ƙara a sama ta fuskar radiyo. Neman bugun ɗan ƙaramin tauraro a cikinsa kamar neman jin kukan gyare ne a tsakiyar kasuwa ranar cinta. Ga shi kuma na'urorin lokacin an tsara su ne don bugu mai tazarar daƙiƙa guda ko rabinta.

A ƙarshen 1968 David Staelin da Edward Reifenstein suka juya ƙaton faifan sauraro na Green Bank, a jihar West Virginia ta Amurka, mai faɗin mita 91, zuwa wajen Ƙaguwa. Ba su ji bugu bi da bi ba. Abin da suka ji shi ne tsawa jefi-jefi: shiru na wani lokaci, sai bugu guda mai ƙarfin da ya keta hayaniyar gajimaren gaba ɗaya, sai kuma shiru. Ba su iya fitar da tazarar juyin ba, domin tsawar ba ta da lokaci. Abin da ya tabbatar musu cewa daga sama take, ba daga injin wata mota ba, wata alama ce da ya kamata a tsaya a kanta, domin sauran labarin duka a kanta ya rataya.

Sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne sarai; akwai ƙwayoyin lantarki warwatse a cikinsa, ƴan kaɗan ƙwarai, amma tafiyar shekara 6500 takan tara su. Waɗannan ƙwayoyi suna rage wa igiyar radiyo gudu, kuma sun fi riƙe mai dogon zango a kan mai gajeren zango. Saboda haka bugun da ya bar tauraro a dunƙule yakan iso duniya a warware, kamar ayarin da ya tashi tare amma masu dawaki suka riga masu jakai sauka. Ga fulsar na Ƙaguwa, abin da ya zo a zangon megahaz 100, wato inda tashoshin FM suke, yana makara da fiye da daƙiƙa ashirin a bayan wanda ya zo a megahaz 400. Hayaniyar da ɗan'adam ya haddasa a kusa ba ta da wannan jeri. Staelin da Reifenstein sun ga jerin, suka san abin daga nesa yake.

Ranar 10 ga Nuwamba na wannan shekara, Richard Lovelace da abokan aikinsa a Aresibo, tsibirin Porto Riko, inda aka shimfiɗa faifai mai faɗin mita 305 cikin wani kwari, suka fitar da tazarar da taimakon kwamfuta: kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa. Tauraron yana juyawa sau talatin kafin mutum ya ce ɗaya. Farin wada da zai yi irin wannan juyi da ya tarwatse tuni. Ba a jima ba kuma aka auna a Aresibo cewa juyin yana raguwa, kamar katantanwar da yaro ya murza, da kusan nanosakan 36 kowace rana. Gold ya lissafa ƙarfin da tauraron ke asara ta wannan raguwa, wanda ya kai na Rana kusan ninki dubu ɗari, sai ga shi ya yi daidai da abin da gajimaren ke buƙata don ya ci gaba da haske. An sami garwashin. A watan Janairu na 1969 John Cocke da Michael Disney da Donald Taylor, a jihar Arizona, suka ga wani ɗan tauraro a tsakiyar gajimaren yana ƙyaftawa da hasken ido a kan wannan tazara.

Abin da matsakaici ke ɓoyewa

Da aka sami tazarar, sai hankali ya koma kan daidaito, tsawar da ta nuna hanya ta zama abin gefe. Akwai dalili. Bugun fulsar guda ɗaya rarrauna ne, kuma ba ya kama da na bayansa. Amma in aka tara bugu dubu aka fitar da matsakaicinsu, sai a sami siffa tabbatacciya wadda ba ta canzawa shekara da shekaru, kuma da ita ake auna lokaci. Da wannan dabara aka yi manyan ayyukan fannin, har da gwajin ka'idar Einstein da ya jawo wa Russell Hulse da Joseph Taylor lambar Nobel a 1993. Sai dai duk malamin da ya taɓa fitar da matsakaicin makin aji ya san abin da lissafin ke haɗiyewa: aji mai ɗalibai sittin zai iya fitowa da goma bisa ashirin, ba tare da takardar ta nuna cewa akwai yarinya guda a cikinsa da ta fi malaminta lissafi ba.

Waɗanda suka ƙi tarawa, suka bi bugun Ƙaguwa ɗaya bayan ɗaya, su suka fitar da siffar abin da aka kira gawurtaccen bugu. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne bugun da ƙarfinsa ya ninka matsakaici sau goma ko fiye, amma na Ƙaguwa yakan ninka sau ɗari, har sau dubu. Ba ya zuwa a ko'ina cikin juyin, sai a daidai wurare biyun da tauraron ya saba bugu, babban bugu da na tsakani. Kuma gajere ne ƙwarai a kan bugun yau da kullum. A 1995 Scott Lundgren da abokan aikinsa suka buga nazarin irin wannan bugu kusan 30 000 da suka tattara a Green Bank, suka nuna cewa rabon ƙarfinsu ba irin na sauran fulsar ba ne. Bugun yau da kullum kamar tsawon mutane yake: akwai dogo akwai gajere, amma ba a taɓa ganin wanda ya ninka ɗan'uwansa sau goma ba. Gawurtaccen bugu kuwa kamar dukiya yake: masu kaɗan sun fi yawa, masu yawa kaɗan ne, amma komai arzikin wanda aka gani, in an ƙara jira za a ga wanda ya fi shi.

Tambayar da ta biyo baya ita ce gajartar tasa ta kai ina. A nan warwarewar ayarin nan ta zama shinge, domin bugun da hanya ta miƙar da shi ba a iya sanin asalin tsawonsa. Mutumin da ya ba da rayuwarsa ga wannan matsala shi ne Timothy Hankins. Tun a 1971 ya fito da dabara: maimakon a auna ƙarfin igiyar kawai, a naɗe ita kanta igiyar da duk hawa da saukarta, sa'an nan a sa kwamfuta ta warware abin da hanya ta yi mata, ta mayar da masu jakai da masu dawaki sahu guda kamar yadda suka tashi. Dabarar daidai take tun ranar farko, amma kwamfutocin lokacin sukan daɗe suna niƙa ɗan guntun abin da aka naɗa. Sai da ya jira na'urori suka kamo tunaninsa, shekara talatin.

A 2003 Hankins da Jeff Kern da James Weatherall da Jean Eilek, daga New Mexico, suka buga sakamakonsu a Nature. Sun saurari Ƙaguwa a Aresibo a zango gajere ƙwarai, inda hanya ba ta cika ɓata bugu ba, suka tarar cewa gawurtaccen bugu ba abu guda ba ne: tarin tartsatsi ne, wasunsu ba su wuce nanosakan biyu ba. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin miliyar na daƙiƙa. Matsayinsa ga daƙiƙa kamar matsayin daƙiƙa ne ga shekara 32. A 2007 Hankins da Eilek suka kama wani tartsatsin da bai kai rabin nanosakan ba, wanda a ɗan wannan lokaci ya fi gajimaren gaba ɗaya ƙara ninki dubbai.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ta fi su kansu ban mamaki. Ba abin da ya fi haske gudu, saboda haka abu ba zai kunna ya mutu gaba ɗaya cikin lokacin da bai isa haske ya ratsa shi ba. Cikin nanosakan biyu haske yana tafiyar santimita sittin ne kacal. Ke nan wurin da tartsatsin ya fito bai fi tulun ruwa girma ba, ko da yake gudun da abin ke yi zuwa wajenmu yana iya ƙara wa lissafin wani abu. Daga nisan shekara 6500 na tafiyar haske, an rarrabe abu mai girman tulu, ba da gani ba, da auna lokaci kawai. In kuwa aka tambaya wane zafi abu mai wannan girma zai yi kafin ya fitar da irin wannan ƙara, amsar ita ce lamba ɗaya da sifiri 37 a bayanta, a ma'aunin digiri. Tartsatsin 2007 ya kai sifiri 41. Tsakiyar Rana digiri miliyan 15 ce. Babu abin da ke da irin wancan zafi, kuma masanan ba su ce akwai ba. Abin da lambar ke nunawa shi ne cewa ƙwayoyin lantarkin da ke fitar da igiyar ba kowace ta kama gabanta take ba, tare suke motsi kamar jiki guda. Ƙwayoyi dubu in kowace tana nata, ƙararsu ta ninka ta guda sau dubu. In suka motsa lokaci guda, sai ta ninka sau miliyan. Bambancin surutun ƴan makaranta a fili ke nan da tafinsu in sun haɗa hannu.

Masu gudun tsiya

Shekara da shekaru an ɗauka wannan hali na Ƙaguwa ne shi kaɗai, wataƙila saboda ƙuruciyarsa, tunda shekara dubu ba komai ba ce a rayuwar tauraro. Sai ga wani tsoho ya ɓata lissafin. A 1982 Donald Backer da Shrinivas Kulkarni da abokan aikinsu suka gano a Aresibo wani fulsar da ake kira B1937+21, mai juyawa sau 642 a daƙiƙa guda. Irin waɗannan tsofaffi ne da suka riga suka yi sanyi, sa'an nan suka zuƙi iskar wani tauraro maƙwabcinsu, abin da suka zuƙa ya sake murza su kamar mazari a hannun mai kaɗi. An fara ganin alamar bugu mai ƙarfi daga gare shi a 1984, kuma a 1996 Ismaël Cognard, masanin da ke aiki da faifan Nançay na Faransa, tare da abokan aiki daga jami'ar Princeton, suka tabbatar cewa gawurtaccen bugu ne irin na Ƙaguwa. A 2004 Vladimir Soglasnov da ayarinsa, da wani faifai mai mita 70 a Ostiraliya, suka auna cewa wasu daga cikin bugun nasa ba su kai nanosakan 15 ba.

Me ya haɗa yaro da tsoho? A fuskar tauraron, maganaɗisun Ƙaguwa ya fi na B1937+21 ƙarfi kusan sau dubu goma, don haka ba a nan kamar take ba. Cognard da abokansa suka duba wani wuri dabam. Ƙarfin maganaɗisu yana juyawa tare da tauraro, kuma kamar bakin dutsen majajjawa, gwargwadon nisa gwargwadon gudu. Akwai nisan da in aka kai, sai juyin ya buƙaci gudun haske, abin da ba ya yiwuwa. A nan igiyoyin maganaɗisun suke buɗewa su saki. Ga Ƙaguwa wannan iyaka tana wajen kilomita 1600 daga tauraron. Ga B1937+21, saboda tsananin gudunsa, tana kilomita 74 kacal, wato ta fi kusa sau ashirin da ɗoriya. Ƙarfin maganaɗisu kuwa yana raguwa da nisa ninki uku a jere: ashirin da ɗaya sau ashirin da ɗaya sau ashirin da ɗaya, kusan dubu goma. Abin da tsoho ya rasa a ƙarfi ya mayar a kusanci, sai ga su biyun da maganaɗisu kusan ɗaya a bakin iyakar, kuma sun fi kusan dukan sauran fulsar.

Wannan lissafi ya zama jagorar farauta, kuma ya yi rana. A 2001 Roger Romani da Simon Johnston suka sami gawurtaccen bugu daga B1821−24, wani mai gudun tsiya cikin curin taurari na M28. A 2003 su biyun suka same shi daga B0540−69, wani matashin fulsar mai kama da na Ƙaguwa, wanda yake wajen tarin taurarinmu ma gaba ɗaya, cikin Babban Gajimaren Magellan. Duk da haka, cikin fulsar fiye da dubu uku da aka sani, masu wannan hali na sosai ƴan tsiraru ne.

Gano inda za a nema dabam, sanin yadda tartsatsin ke tashi dabam. Weatherall ya yi bayaninsa da cewa guguwa ce cikin ƙwayoyin lantarki, wadda takan dunƙule wuri guda ta fashe. Wasu, irin su Yuri Lyubarsky da Alexander Philippov a 2019, suka kai abin can bayan iyakar, inda igiyoyin maganaɗisu masu fuskantar juna suke tsinkewa su sake ƙulluwa. Aikin Hankins da Eilek na 2007 ya ƙara dagula lamarin, domin ya nuna cewa a gajeren zango babban bugun Ƙaguwa da na tsakani ba su da siffa ɗaya ko kaɗan: na farko tartsatsi ne, na biyu kuwa yana zuwa a jere-jeren layuka kamar saƙar zane. Tauraro guda, harshe biyu. Bayan fiye da shekara hamsin masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne ga fannin, tunda ko bugun yau da kullum ba a gama warware yadda yake fita ba.

An kuma tambaya ko tsawar ta radiyo ce kaɗai. A 2003 Andy Shearer da abokan aikinsa na ƙasar Ailan suka nuna cewa hasken ido na Ƙaguwa yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin ɗari a juyin da aka yi gawurtaccen bugu. A 2021 ayarin Teruaki Enoto na Japan, da na'urar NICER da ke maƙale a tashar sararin sama ta ƙasa da ƙasa, tare da faifan radiyo biyu na Japan, suka sami ƙarin kusan kashi 4 cikin ɗari a hasken X, irin wanda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Kashi huɗu kamar ba komai ba ne, amma ƙarfin da Ƙaguwa ke fitarwa ta hasken X ya ninka na radiyo nesa ba kusa ba, don haka ɗan ƙarin nan yana nufin cewa kowace tsawa tana cin ƙarfi ninki goma-goma har ɗari fiye da yadda aka zata. Abin da kunnen radiyo ke ji ɗan gefen al'amarin ne.

Al'adar sauraron bugu ɗaya-ɗaya ta haifi abin da ba a nema ba. Tunda gawurtaccen bugu yana iya isowa daga inda bugun yau da kullum ba zai iso ba, sai masana irin su Maura McLaughlin da James Cordes suka shiga nemansa a wasu tarin taurari na nesa. Cikin irin wannan bincike ne, a 2007, Duncan Lorimer da ɗalibinsa David Narkevic suka tono wani bugu guda cikin tsofaffin bayanan da faifan Parkes na Ostiraliya ya naɗa a 2001. Bai kai kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ba, amma warwarewar ayarinsa ta nuna ya fito daga nisan da ya wuce tarin taurarinmu ƙwarai da gaske. An yi shekaru ana shakka, musamman da yake Parkes yana kama wasu bugu masu kama da shi waɗanda a 2015 aka gano daga na'urar ɗumama abinci ta ma'aikata suke fitowa, in an buɗe ƙofarta kafin ta tsaya. Amma na Lorimer na gaske ne, kuma an sami dubban irinsa tun daga lokacin. Cordes da Ira Wasserman sun kawo shawara a 2016 cewa wataƙila gawurtaccen bugu ne na matasan fulsar a wasu duniyoyi. Ranar 28 ga Afrilu na 2020 wani tauraron nutron mai tsananin maganaɗisu, a cikin tarin taurarinmu, ya yi irin wannan tsawa, aka ji ta a Kanada da Amurka, sai ra'ayi ya fi karkata ga irinsa; sakamakon Enoto ma ya ƙara raunana waccan shawara.

Faifan nan biyu da suka buɗe labarin babu ko ɗaya a tsaye. Na Green Bank ya rushe da daren 15 ga Nuwamba na 1988, saboda wani farantin ƙarfe da ya tsage a jikinsa, aka gina wani mai mita 100 a madadinsa. Na Aresibo ya faɗi ranar 1 ga Disamba na 2020, bayan igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da na'urorinsa sun tsinke. Aikin ya koma wasu hannaye, har da na nahiyar Afirka. A watan Yuli na 2018 aka buɗe MeerKAT a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, faifai 64 masu aiki tare kamar kunne guda. A 2020 Federico Abbate da abokan aikinsa suka buga sakamakon juya shi da suka yi zuwa wani mai gudun tsiya, J1823−3021A, cikin curin taurari na NGC 6624, wanda yake juyawa kusan sau 184 a daƙiƙa. Cikin awa biyar na sauraro suka ƙirga gawurtaccen bugu fiye da 14 000, kusan guda a kowace daƙiƙa.